Gonar da na sayo bijimina: sai da aka buɗe mini littafi kafin a nuna mini sa

Shanuna ba su da yawa. Mata goma sha tara ne yanzu, ban da maruƙa, kuma suna hannun Baffa, dattijon Bafulatanin da ya riƙe wa mahaifina shanu kafin ni, a rugarsa da ke bayan garinmu a ƙasar Ringim. Ni hatsi nake saye da sayarwa, amma duk shekara nakan ware maza huɗu ko biyar daga garken in ɗaure su a turke, in sun yi in kai Wudil ranar Juma'a, ko in jira Babbar Sallah. Nama nake nema ke nan. Nonon na gidan Baffa ne, haka muka gada, kuma ban taɓa sa masa ido ba.

Tun da maruƙan bijimin da nake da shi yanzu suka fara tasowa, mutane suke tambayata inda na samo shi, da ko kuɗin da na kashe sun biya. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan. Gona ce mai sayar da shanun iri, tana tsakanin Kano da Zariya. Ba zan kama sunanta ba, domin zan faɗi inda suka kyauta, zan kuma faɗi inda suka ɓata mini rai, ba na kuwa son bakina ya taɓa sana'ar wani. Wanda zai je irin wannan gona, ko wacce ce, abin da zan faɗa zai yi masa amfani.

Sai na fara da abin da ya kai ni can. A farkon 2021 na shiga kara neman bijimi, saboda tsohon namu ya kai ga hawan 'ya'yansa. Dillali ya ja ni wajen wani jibgegen sa mai ruwan toka, kunnuwa a zube, tozo kamar tulu, ya ce jinin Brahman ne, wani irin shanun waje, daga gonar wani babban mutum ya fito. Na zagaya shi sau uku, na daki cinyarsa na ji nama. Baffa bai zo ba ran nan. Na biya, na ba da la'ada, aka ɗora shi a mota.

Bai cika wata biyu ba ya fara zubewa. Ashe a turke ya tashi, dusa da ƙuliƙulin auduga a gabansa safe da yamma, bai taɓa bin garke kilomita shida zuwa mashaya ba. Da damina ta sauka kaska ta rufe shi, kirci ya fito masa tun daga gadon baya har cinyoyi, alhali fararen shanun da suke kwana tare da shi ƙalilan ne suka kamu. Wannan duk da sauƙi. Abin da har yau yake ci mini rai shi ne wata karsana da nake ji da ita, jikar saniyar da mahaifina ya fi so. Cikinta na fari ne, nasa ne kuma. Naƙuda ta kama ta bayan isha'i, ƙafafun maraƙin suka fito, kai ya tsaya. Baffa da ɗansa suka yi ta fama da fitilar hannu har malamin dabbobi ya iso wajen ƙarfe biyun dare. An ciro maraƙin a mace, ƙato, ya fi ƙarfin ƙugunta. Ita kuma ba ta sake tashi ba, kwana biyu muka yanka ta. Sauran 'ya'yansa da suka rayu ba su fi na tsohon bijiminmu da komai ba. Ƙibar da na gani a kara ta turke ce, ba a gadonta.

A watan Nuwamba na 2022 muka tafi gonar, ni da Baffa. A bakin ƙofa akwai kwarmin ruwan magani da kowa zai tsoma takalminsa kafin ya shiga, mota ma sai ta bi ta ciki. Na zaci kai tsaye za a wuce da mu wajen shanu. Sai aka kai mu wani ɗan ofis, manajan gonar ya ba mu kujeru ya fara tambaya. Shanu nawa? Wane iri? Karsana nawa ne a ciki? Ina suke kiwo, tafiyar nawa ce zuwa ruwa? Me suke ci a watan Afrilu da Mayu, lokacin da daji ya ƙare? Akwai tsando a wajen? Ana tafiya da su kudu da rani ko suna zaune? Baffa ya amsa yawancinsu. Da muka ce a bazara karan dawa ne da harawar wake da ɗan abin da ya samu na dusa, sai manajan ya ce, "To Alhaji, rabin abin da ke gonar nan ba naka ba ne. Bari in nuna maka rabin da zai zauna a wajenka."

Sannan ya jawo littafi. Babban littafin rajista ne mai baƙin bango, irin na ofis, suna kuma da kwafinsa a kwamfuta. Kowace dabba tana da lamba a kunne, kowace lamba tana da layinta: ranar haihuwa, nauyin ranar haihuwa, nauyin yaye, na shekara ɗaya, na wata 18, lambar uwa, lambar uba, sau nawa aka yi mata magani da na mene ne. Uwaye kuma an rubuta ranar kowace haihuwa, mutum ya ƙirga tazarar da kansa.

Ya buɗe shafin maza da aka haifa a daminar 2019. Bokolo goma sha ɗaya, Bunaji tara, duk a shinge ɗaya suka tashi, abinci ɗaya, ruwa ɗaya, sikeli ɗaya. Ya ce in sa yatsa in bi layin wata 18. Na bi. In aka haɗa aka raba, Bokolon sun fi Bunajin da wajen kilo 15, wannan kuwa kowa a kara zai faɗa maka haka, Bokolo ya fi cika. Amma tsakanin Bokolon da ya fi nauyi da wanda ya fi rama, su ya su, kusan kilo 70 ne. Bunajin da ya fi 'yan'uwansa kuwa ya wuce Bokolo bakwai daga cikin goma sha ɗayan. Na koma saman shafin na sake bi, don in tabbatar ban tsallake layi ba.

Shekara ashirin ina jin ana gardama a kara da majalisa, wannan ya ce Bokolo, wancan ya ce Bunaji, wani ya ce ai yanzu sai jinin waje. Ban taɓa jin wanda ya ce wane Bokolon ba. Wanda ya sayi na ƙarshen layin nan zai koma gida yana cewa ya sayo Bokolo, gaskiya kuma ya faɗa, amma maƙwabcinsa mai farin Bunaji na kirki zai riga shi kai sa kasuwa. Daga baya na karanta cewa Amurkawa suna da cibiyar binciken dabbobin nama a jihar Nebraska inda tun wajajen 1970 suke gwada irin shanu daban-daban a wuri ɗaya, abin da suke gani kuma ya yi daidai da wannan shafin: akwai bambanci na gaske tsakanin iri da iri, amma a cikin kowane iri akwai tazara mai faɗi, har na kirkin wannan ya wuce matsakaicin wancan. Masana kiwo sun kuma ce ba kowane hali ne yake bin jini daidai ba. Nauyin da maraƙi zai kai a shekara ɗaya, wajen kashi 40 cikin 100 na bambancin da ake gani gado ne, saura abinci da lafiya da kulawa. Saurin ɗaukar ciki kuwa gadonsa bai fi kashi 10 ba. Shi ya sa awon yake da daraja idan dabbobin tare suka tashi. Nauyin sa na turke da na sa na daji ba a gwada su, dusa za ka auna, ba jini ba.

Daga nan muka fita shingaye. Bokolon nasu masu kyau ne, farare zuwa ruwan toka, ƙaho ɗan guntu ko kusan babu, fata saki-saki tana reto a wuya da ƙarƙashin ciki, ga sanyin hali, yaro ma zai ja su. Su ne mahauta suke so, su ne kuma suke karɓar turke ba gardama. Bunajin fari fat, baƙin hanci, baƙin kunne, ƙaho ya buɗe ya miƙe sama. Ba su kai Bokolo cikar cinya ba, amma sun fi jure tafiya da sauyin wuri, ba banza ba fiye da kashi ɗaya cikin uku na shanun Nijeriya su ne, daga Sahel har ƙasar da ake ruwa sosai. Akwai Azawak guda huɗu da suka ce daga Nijar aka kawo iyayensu, jajaye masu haske, jiki a tattare. A Nijar ɗin akwai tashar Tukunus a yankin Filinge da ta daɗe tana tace wannan iri, kuma wanda yake ƙasa mai ƙarancin ruwa kamar arewacin Jigawa ko Katsina ya kamata ya dube su da kyau, don suna ba da nono suna kuma yin nama a inda wasu za su rame. Rahaji ba su ajiye ko ɗaya. Na tambaya, manajan ya ce saniyar tafiya ce, doguwar ƙafa, dogon ƙaho, ba ta son shinge ba ta son baƙo, mai ita kawai take ji. Baffa ya yi murmushi ya ce, "Wannan ya san shanu."

Sai kuma 'yan ruwa biyu, waɗanda su ne gonar take alfahari da su, su aka sa kusa da ƙofa. Brahman da Bokolo, Simmental da Gudalin Adamawa, da wasu baƙaƙe da aka ce akwai jinin Angus a jikinsu. Ba zan ɓoye ba, sun tafi da idona. Ɗan wata 18 a cikinsu ya yi girman namu na shekara uku. Dalilin sananne ne: idan aka haɗa iri biyu da suke nesa da juna, 'ya'yan farko sukan fi matsakaicin iyayensu girma da ƙarfi. Abin da mai sayarwa ba ya gaggawar faɗa shi ne, wannan ƙarin a 'ya'yan farko yake cika. In aka haɗa 'yan ruwa biyu su ya su, rabinsa ya tafi, jikokin kuma su fito kowa da kamarsa, wani ya ɗauko girman Bature, wani ya ɗauko rashin jure zafinsa kawai. Simmental saniyar kwarin duwatsun Suwizalan ce, Angus ta Sikotilan, ba su san watan Afrilun Jigawa ba. Shi kansa Brahman, da yake mai tozo ne kamar namu, daga shanun Indiya Amurkawa suka haɗa shi a kudancin ƙasarsu. A Kamaru an gwada shi a kan Gudali tun shekarun 1950 a tashar Wakwa kusa da Ngaundere, aka samu girma, amma kirci ya dame su ƙwarai. Da na san wannan a 2021, da na gane abin da nake gani a bayan sana.

Akwai abin da yake tsaya mini a rai duk lokacin da aka yi maganar jinin waje. Brazil ce ta fi kowace ƙasa fitar da naman shanu a duniya, kuma yawancin shanun namanta Nelore ne, farar saniya mai tozo da asalinta daga Indiya, 'yar'uwar Bunaji ce ta nesa. Ba su canza ta da saniyar Turai ba. Sun yi ta aunawa ne, suna ajiye na kirki, suna yanka na baya, shekara da shekaru. A Afirka ta Kudu Farfesa Jan Bonsma ya gina Bonsmara a kan saniyar ƙasar, Afrikaner, kashi biyar cikin takwas, shi ma da sikeli da littafi. A Kenya haka aka yi wa Boran. Mu muna da Bokolo da Bunaji da Azawak da Gudalin Adamawa, muna da cibiyar binciken dabbobi a Shika kusa da Zariya tun da daɗewa, amma a kara har gobe ido ne yake sayen bijimi, mafi kyawun maza kuma su ne ake fara yankawa da Sallah tun ba su bar ɗa ba. Duk gonar da ta ɗauki wahalar auna shanunmu na gida tana rubutawa, ina ganin ta cancanci a je mata, ko da tana da aibi.

Na koma kan Bokolo. Ni na fi karkata ga na farko a littafin, wanda ya fi nauyi. Baffa bai ko kalli littafin ba. Ya tsaya ya dubi bijiman na ɗan lokaci, ya sa aka kora su suka yi tafiya, yana kallon kofato da yadda ƙafar baya take sauka. Sannan ya juya ga manajan ya ce, "Ina uwayensu?" Fulani ta wajen uwa suke riƙe tarihin saniya, Baffa zai iya lissafa maka kakannin kowace saniyata har hawa biyar. Aka kai mu bayan gonar, tafiyar minti goma a rana. Uwar na farkon babba ce, kyakkyawa, ba maraƙi a gindinta. Uwar na biyun ba ta kai ta girma ba, ta ɗan tsufa, amma ga maraƙi mai sheƙi yana tsotso, hantsarta a ɗaure, nonuwa huɗu daidai, ba wanda ya kumbura ya fi bakin jariri. Baffa ya tsuguna ya leƙa, ya tashi ya shafa bayanta ba ta motsa ba. Ya ce, "Alhaji, ɗan wannan za mu ɗauka."

Da muka dawo ofis na ce a buɗe mini layin uwayen biyu. Ta farkon tana yin wata 20 ko fiye tsakanin haihuwa da haihuwa, ɗanta kuma an haife shi da kilo 32. Ta biyun haihuwa shida, tazararta ba ta wuce wata 14 zuwa 15 ba, ɗanta an haife shi da kilo 24, amma kafin wata 18 ya kusa kamo na farkon. Ƙaramin jariri mai saurin girma, abin da mai karsana yake nema ke nan. Na tuna daren fitilar hannu, na ce na yarda. Idon Baffa da littafin manaja wuri ɗaya suka nuna, ba su kuwa yi shawara ba. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma sai ka ga barewar tukuna, a kara kuwa ba mai nuna maka ita.

Kafin a karɓi kuɗi sun shigar da shi matsi, likitan gonar ya duba shi a gabanmu. Ya buɗe baki muka ga haƙora, sun yi daidai da shekara uku da aka rubuta. Ya sa awo ya zagaye maraina, santimita 33, ya ce girmansu yana tafiya da yawan maniyyi, kuma 'ya'ya mata na sa mai cikar maraina sukan riga wasu balaga. Ya ɗebi maniyyin ya ɗiga a gilashi ya ce in leƙa madubin da yake ƙara girman abu, na ga abin yana ta yawo kamar ruwa yana tafasa. Sannan gwajin bakkale, ciwon nan da yake sa saniya ɓari a watannin ƙarshe, mabiyiya ta maƙale, gwiwa ta kumbura, yake kuma kama mutum ta ɗanyen nono. An ɗebi jini, aka bari ya kwanta, aka ɗiga ruwansa a farin faranti aka gauraya da wani ruwa mai launin hoda, likitan yana juya farantin a hankali yana duban agogo. Minti huɗu. Ya ce in ya yi gudaji-gudaji akwai ciwo. Ya tsaya sumul. Rigakafin ciwon huhu kuma sun nuna mini ranar da aka yi masa, da maganin cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, kusa da Jos.

Kuɗinsa ya kusa ninka abin da zan biya a kara a kan sa mai girmansa. Ba su rage ko sisi ba, ba kuma dillali ba la'ada. Na biya ban yi baƙin ciki ba, domin sa ɗaya yana iya hawan shanu 25 zuwa 30 a shekara, rabin jinin duk maraƙin da za a haifa mini nasa ne. Saniya marar kyau maraƙi ɗaya take ɓatawa, bijimi marar kyau shekara guda yake ɓatawa.

Yanzu inda suka gaza. Yaron da ya zagaya da mu kafin manajan ya fito shingaye, bakinsa bai bar kan 'yan ruwa biyu ba, har yana cewa Bokolo na tsofaffi ne. Wanda ya zo ranar da manajan ba ya nan, da ɗan Simmental zai koma ruga, kuma ina tausaya masa. Abin mamaki ma, littafin 'yan ruwa biyun shi ya fi rauni. A wajen uba sau da yawa an rubuta Brahman kawai, ba lamba ba suna, wasu kuma ba a san ko rabi ne ko kashi uku cikin huɗu ba. Dabbar da aka fi tsawwala wa kuɗi ita ce ba a san ubanta ba. Sannan bijiman da suka kai sayarwa suna ba su abinci fiye da ƙima don su cika ido, abin da na gudo a kara ke nan. Nawa sai da ya sauke jiki a watanni biyun farko kafin ya daidaita, kodayake shi bai zube ba. Gwajin tarin fuka ba sa yi sai ka nema, yana kuma ɗaukar kwana uku kafin a karanta, ba wanda ya gaya mini sai da na riga na biya. Takardar gwajin bakkale ma sai da na tsaya na ce ba zan tafi ba tare da ita ba. Motar da suka ce za ta taso da asuba ba ta taso ba sai bayan azahar, sa ya sha rana a hanya, ya iso da dare yana haki.

Abin da ya fi duka ɓata mini rai shi ne barbarar allura, wadda ake saka wa saniya maniyyin sa da hannu. Suna yi, suna da tulun ruwan naitirojin da yake riƙe maniyyin a sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, cikin 'yan siraran tsinkaye. A 2023 na ce bari in gwada a shanu shida manya da suka saba haihuwa, da maniyyin Brahman wanda wannan karon na ga lambarsa da tarihinsa, da niyyar in ɗaure 'ya'yan a turke in sayar, ba in bar su a garke ba. Saniya takan nemi sa duk kwana 21 ko kusa da haka, namu masu tozo kuma neman nasu gajere ne, sau da yawa da dare yake farawa, in aka yi jinkirin yini guda an rasa. Baffa ya ga alama da asuba, na kira, aka ce ana zuwa. Ma'aikacin bai zo ba sai washegari da yamma. Haka aka yi mini sau biyu. Cikin shida, biyu suka ɗauka. Da na kira a zo a duba ciki bayan wata biyu kamar yadda aka yi alkawari, waya ta yi ta ƙara ba a ɗauka. Sauran huɗun sai bijimina ne ya hau su, na yi asarar wata uku. Wanda rugarsa ta wuce tafiyar awa ɗaya daga gonar, kada ya dogara da wannan aikin nasu, sai dai in za a yi wa shanun allurar da take daidaita lokacin nema, a tsayar da rana da sa'a, a rubuta.

Shi kuwa bijimin, ba ni da abin faɗa a kansa sai alheri. Maruƙansa sun fara sauka a ƙarshen daminar 2023. Zuwa yanzu na ƙirga 27, biyar daga karsana, ba wadda aka sa wa hannu. Ba ni da sikeli, amma na sayi igiyar awon ƙirji, irin wadda ake zagaya bayan ƙafafun gaba a karanta kiyasin nauyi, ɗan Baffa kuma ya koyi rubutawa a littafin makaranta mai layi. Mazan farko da na ɗaure sun kai girman kasuwa wajen wata biyar kafin lokacin da na saba, mahaucin da yake saye a wajena a Wudil ya shafa cinyar ɗaya ya tambaye ni ko na canza dusa. A cikin 27 ɗin ma ba duka suka yi daidai ba. Akwai uku da suka tsaya baya, biyu daga cikinsu uwarsu ɗaya, ita ce za ta fara fita bana. Kaska tana hawansa kamar kowane sa, kirci bai taɓa kama shi ba, yana bin garke mashaya ya dawo a gaba.

Mai turke a cikin gari, wanda yake da rijiyar burtsatse da inuwa da kuɗin dusa na shekara, zai iya ɗaukar ɗan ruwa biyu a wajensu ya ci riba, in dai ya matsa aka nuna masa lambar uban. Mai garke a daji irina ya wuce shingen bakin ƙofa, ya nemi manaja, ya ce a buɗe littafi, ya tafi da wanda yake kiwon shanun da hannunsa, kada kuma ya bar gonar bai ga uwar ba. Ya je da motarsa, ya ɗauka da sassafe.

'Ya'yansa mata na farko za su isa hawa a 2026, dole ya bar garken kafin nan. Wani maƙwabcinmu ya riga ya ce yana so, na ce zan ba shi tare da kwafin layinsa da na uwarsa. Ni kuma bayan kaka zan koma gonar. Baffa ya ce wannan karon Bunaji yake so, akwai wata tsohuwar saniya mai karyayyen ƙaho da ya gani a bayan gonar ranar da muka je, ya riƙe lambar kunnenta tun lokacin, yana so a duba masa ko ta haifi namiji.